Tantanin da Ke Bayan Buhun Soda: Tafiya Kasuwar Aboabo ta Tamale

Fataken Kano da Katsina da suka riƙa zuwa Gwanja, Salaga suke nufa. Su taso da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini na Kura da jar fata, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu, su biyo ta Sansanne Mango da Yandi, sannan su sauke kaya a Salaga su ɗauki goro. Yaƙin basasar da ya ci Salaga a 1892 ne ya watsa wannan babbar kasuwa, Hausawan cikinta suka bazu Kete Krachi da Kumasi da sauran garuruwa. Da Turawan Ingila suka mai da Tamale hedikwatar yankin arewa a 1907, sai ciniki ya bi mulki, 'yan kasuwa suka bi ciniki. Yau Tamale ce uwar garuruwan arewacin Ghana, kasuwar Aboabo kuma ita ce rumbunta.

Ni ta kudu na biyo. Motar dare ta ɗauko mu daga Kumasi, muka wuce Techiman da Kintampo cikin duhu, gari ya soma wayewa muna kan gadar Buipe, Baƙin Volta na tafiya a hankali ƙarƙashinmu. Daga nan daji ya buɗe, kaɗanya da ɗorawa da kuka suka karɓi hanya, hazon hunturu ya lulluɓe komai. Bayan gadar Yapei, inda ake ƙetare Farin Volta, sai na lura da dogayen turakun lantarki da ke rakiyarmu ta gefen titi. Wutar da suke ɗauke da ita daga nesa take: daga madatsar Akosombo da aka gama a 1965, da ta Bui da ta fara aiki a 2013, da tashoshin gas na Tema da Aboadze can bakin teku. Arewa ce ta fi ko'ina rana a ƙasar, amma yawancin wutarta daga kudu ake turo mata.

Tamale garin babura ne. Tsoho da yaro, malami da ɗalibi, Hajiya da goyo a baya da kwandon cefane a gaba, kowa na kan nasa. Tsakaninsu kekuna masu ƙafa uku da ake kira yalo-yalo suna kutsawa, masu ɗaukar kaya da ake kira motokin na biye da lodin buhuna. Mai masaukina, wani Alhaji dillalin hatsi wanda kakansa Bakatsine ne, ya tare ni kusa da gadar sama da aka buɗe a 2022, ya ce in fara karya kumallo da koko da ƙosai kafin mu shiga kasuwa, don wanda ya shiga Aboabo da yunwa ba ya ganin komai sai abinci. Wanda ya san Kumasi kada ya rikice: can ma akwai unguwar Aboabo, amma wannan ta Dagwamba ce, inda za ka ce wa dattijuwa "Dasiba" da safe, ta amsa maka da doguwar "Naa", sannan in ta gane baƙo ne kai ta juya harshe zuwa Hausa.

Kasuwar ta cika ido. Doya tsibi-tsibi, buhunan masara da gyaɗa da waken suya an jera su sun fi tsayin mutum, shinkafar gida a manyan kwanoni, manyan motoci na lodi zuwa Kumasi da Accra. Ga ƙwarar kaɗanya, ga man kaɗe an cura shi a ƙorai. A wani layi na ga kanwa, ja da fara, tana nan inda fatake suka bar ta. Kusa da masu kanwar ne idona ya faɗa kan wani ɗan shago na kayan haɗa sabulu: kwalaben turare, garin kala, jarkokin man alayyadi, sai fararen buhuna masu kilo 25 a jingine da bango, da rubutun Sinanci a jikinsu da alamar gargaɗi ta hannun da ruwa ya ci. Soda ce, wadda masu sabulu ke kira kostik. Saurayin da ke tsaron shagon ya zura hannu cikin leda kafin ya ɗebi ɓarzajjen farin abin ya zuba a sikeli.

Na ce, "Samari, ina ake yin wannan?"

Ya ce, "Malam, mu dai daga Tema ake kawo mana. Jirgin ruwa ke sauke ta."

Na daɗe ina koyar da kimiyyar sinadarai, saboda haka buhun nan ya tsayar da ni fiye da doya da goro. Duk hayaniyar da ake yi a duniya yau kan haidurojin da manyan batura masu ajiye hasken rana, a kan wani siririn tantani na roba ta dogara. Mutane na ɗauka abin na Turai ne da Amurka da Sin, bai shafe mu ba. Ga shi kuwa aikin wannan tantani a jingine cikin kasuwar Aboabo, ana auna shi da sikeli.

Alhaji ya haɗa ni da yaronsa ya kai ni gidan wata dattijuwa mai yin sabulu a bayan kasuwa. Mun same ta a tsakar gida, ta ɗaura tsumma a hanci, ta sa safar roba har gwiwar hannu.

"Sannu da aiki, Mma."

"Yawwa ɗana, sannu da zuwa. Ja baya kaɗan, kada hucin ya shiga idonka."

Sodar take zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan tana juyawa da doguwar muciya. Ba a zuba ruwa a kan soda, in ji ta, sai ta tofo maka a fuska. Ba wuta a ƙarƙashin robar, amma da na kai tafin hannu kusa da jikinta sai na ji zafi kamar an sauke ta daga murhu. Wannan za ta kwana ta huce. Ta jiya ta ɗauko, ta tsiyaya a cikin narkakken man kaɗe da aka gauraya da alayyadi, ta yi ta juyawa gefe ɗaya ba tsayawa. Ina kallo man ya dushe, ya yi kauri, har muciya ta fara barin sawu a kansa. 'Yan mata biyu suka matso suka shiga cura shi dunƙule-dunƙule tun bai daskare ba. A bayan hannun Mma, sama da inda safa ta tsaya, akwai tabo fari-fari na shekaru.

Ta ce mahaifiyarta da ruwan toka take yi. A ƙona kara da ɓawo, a tace tokar, a dafa ruwan da mai wuni guda, a samu baƙin sabulu mai laushi irin wanda muke kira sabulun salo. Soda ta rage wahala, sabulunta kuma ya fi tauri, ya fi jimawa a hannun mai wanki. Amma ta zo da nata sharrin. Ruwan soda garau yake, ba kala ba wari, yaro mai ƙishi ba ya bambanta shi da ruwan sha. Likitocin asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi sun yi rubutu kan yaran da ake kawo musu sun sha shi, maƙoshinsu ya ƙone ya tsuke, wasu sai an huda ciki ake ba su abinci. Mma ta nuna mini ɗakin da take kulle nata da kwaɗo, mabuɗin na ɗaure a bakin zanenta. Duk mai wannan sana'a, daga Tamale har Kano, ya kamata ta yi haka, kuma kada a taɓa zuba ruwan soda a robar lemo ko kofin sha.

To yaya ake yin sodar? Da gishiri da ruwa da wutar lantarki, shi ke nan. Idan gishiri ya narke a ruwa yakan rabu gida biyu, sodiyam da kulorin, kowanne ɗauke da cajin lantarki. Irin waɗannan ƙwayoyin zarra masu caji su masana ke kira ayon. A masana'anta akwai akwatunan ƙarfe a jere, kowanne an raba shi ɗaki biyu da falle ɗaya na tantani, faɗinsa ya kusa murabba'in mita 3, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. A ɗaki na farko ana tura ruwan gishiri mai kauri, a na biyu ruwa. Da an saki wuta, kulorin ya tashi ya zama iska a ɗakin farko. A na biyu ruwa ya tsage, haidurojin ya fita, ya bar wani ɓangare da ake kira haidiroksaid. Sodiyam kuwa sai ya ratsa tantanin ya je ya same shi, su haɗu su zama soda. Tana fitowa a narke, ƙarfinta kashi 32 cikin ɗari, sai a ƙafe ruwan har ta zama ɓarzajjen nan na cikin buhu. Kowace tan ɗaya ta kulorin tana zuwa da kusan tan 1.1 ta soda da kilo 28 na haidurojin, kuma tan ɗaya ta soda tana cin wutar da ta kai kilowat-awa 2,000 ko fiye.

Tantanin shi ne sarkin ƙofa a wannan gari: ya san wanda zai bari ya shige, ya san wanda zai tsare. Sodiyam ya wuce. Kulorin da haidurojin kuwa ba su da hanya, kuma rahamar ke nan, domin in suka gauraya fashewa suke yi. Asirin yana cikin ƙirarsa. Gangar jikinsa dangin robar nan ce ta Teflon da ake shafa wa kaskon suya, wadda asid ba ya ci, zafi ba ya narkarwa da wuri. A jikin gangar an rataya ƙananan rassa, kowane reshe da kan asid mai cajin da ke jan ruwa. Idan tantanin ya jiƙa, waɗannan kawuna sukan taru su buɗe 'yan hanyoyin ruwa da ido ba ya gani. Bangon hanyoyin yana jawo ayon mai caji irin na sodiyam, yana korar mai kishiyar caji. Lantarki kansa ba ya ratsa shi, dole ya zagaya ta waya, kuma a wannan zagayen ne ake cin moriyarsa.

Abin ya fara yin suna ne a tafiyar sararin samaniya. A shekarun 1950 Thomas Grubb da Leonard Niedrach na kamfanin General Electric suka ƙera wani akwati mai tantani a tsakiya, a ba shi haidurojin ta gefe ɗaya, oksijin ta ɗaya gefen, ya ba da lantarki da ruwa. Irinsa ne ya ba kumbon Gemini 5 wuta a watan Agusta na 1965. Amma tantanin farko ba ya jure aiki, yakan ruɓe da wuri. A ƙarshen shekarun 1960 Walther Grot na kamfanin DuPont ya fito da Nafion, wanda har yau shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Kasuwarsa ta farko mai girma ba a sama ta samu ba, a masana'antar soda ta samu. Kafin nan da zaiba ake raba gishiri, ko da asbesto, dukansu guba. Japan, wadda cutar Minamata ta nuna mata abin da zaiba ke yi wa ɗan Adam, ta yanke shawara a 1973 cewa masana'antun sodarta su rabu da zaiba. A 1975 kamfanin Asahi ya buɗe masana'anta mai aiki da tantani a Nobeoka, zuwa 1986 kuma ba sauran mai zaiba a ƙasar. Tarayyar Turai ta rufe nata a ƙarshen 2017. Yau mafi yawan sodar duniya, har da kusan duk wadda Sin ke fitarwa, ta cikin tantani take biyowa. Masu yin irin wannan tantani kuwa ba su da yawa: Chemours a Amurka, wanda ya gaji Nafion a 2015, da Asahi Kasei da AGC a Japan, da Dongyue a Sin.

Abin da ya tsaya mini a rai a tsakar gidan Mma shi ne, Ghana ƙasar gishiri ce. Tafkin Songor a Ada yana cikin manyan wuraren gishiri na Afirka ta Yamma, ga Keta, ga Elmina. A nan arewa ma Daboya, da ke bakin Farin Volta yamma da Tamale, da gishiri aka san ta tun kafin a san ta da rinin rigunan batakari, kuma gishirinta ya sha zuwa kasuwar Salaga. A 2020 gwamnati ta ba kamfanin Electrochem hayar Songor, abin da ya jawo taƙaddama da mutanen Ada da suka gaji ɗiban gishiri kaka da kakanni. Duk yadda aka warware wannan, kuma wajibi ne a warware shi da adalci, tambayar tana nan: a sayar da gishiri ɗanye, a sayo soda da kuɗin waje, har yaushe?

Masu bukatar kayan ba mata masu sabulu kaɗai ba ne. Ruwan famfon Tamale daga Farin Volta ake jawo shi a Nawuni, a tace shi a Dalun, kuma kowace matatar ruwa irin wannan da kulorin take kashe ƙwayoyin cuta, wato tagwayen sodar nan da suka fito daga akwati ɗaya. Ghana na haƙo ma'adinin boksait a Awaso ta fitar da shi ɗanye, alhali masana'antar alminiyam ta VALCO da ke Tema, wadda ta fara aiki a 1967, daga waje ake kawo mata tataccen garin da take narkarwa. Tace boksait kuwa da soda ake yi. Masaƙa, masu takarda, masu lemo da ke wanke kwalabe, duk abokan cinikinta ne. Sai dai masana'antar soda tana da sharuɗɗa biyu masu tsauri. Ruwan gishirin sai an tace shi har sinadarin alli da ke ciki ya koma 'yan ɓurɓushi cikin biliyan, in ba haka ba ya toshe tantanin ya kashe shi. Sannan tana son wuta mai tsayawa dare da rana, domin yawan ɗaukewa da kawowa na lalata tantani. Ghana, wadda ta sha dumso, wato yawan ɗaukewar wuta, daga 2012 zuwa 2016, ta san nauyin wannan sharaɗi.

Maganar wuta kuwa a bakin kowa take a Aboabo. Mai injin niƙa, mai walda, mai firjin ruwan leda da kifi, mai cajin waya, kowa da lissafinsa a kan mitar NEDCo, kamfanin da ke raba wuta a arewa. Na zauna wajen wani mai gyaran batir a gefen tashar mota, ya jera matattun batura na mota da na sola, yana fasa wasu yana ciro dalma. Ya ce zafin garin nan ba ya barin batir ya tsufa, wanda aka ce zai yi shekara biyar, in ya yi biyu an gode Allah. Tashoshin hasken rana suna ƙaruwa a arewa: Navrongo mai megawat 2.5 tun 2013, Lawra mai 6.5 a 2020, Kaleo mai 13 a 2022, ga kuma wanda aka shimfiɗa a Bui, har da na kan ruwa. Amma rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, daidai lokacin da gidaje ke kunna fitila da fanka. Wutar rana ba ta da wuyar samu a nan. Ajiye ta zuwa dare shi ne aiki.

A nan tantanin ya sake shigowa, ta hanyar batirin tanki. Tankuna biyu ne cike da ruwan sinadari, famfo na zagaya da kowanne ta cikin jerin akwatuna masu tantani a tsakiya. Ruwan biyu suna gilma juna ba sa haɗuwa, ayon na haidurojin ne ke ratsawa, lantarki ya bi waya. Hukumar NASA ta fara gwada irinsa a shekarun 1970 da ƙarfe da kuromiyam, amma ruwan gefe ɗaya yakan silala ya gurɓata ɗayan. Maria Skyllas-Kazacos ta Jami'ar New South Wales a Ostareliya ce ta kawo mafita a shekarun 1980: a sa ƙarfe iri ɗaya, banadiyam, a tankunan biyu. Shi wannan ƙarfe yana da hali huɗu, kowanne da launinsa, shunayya da kore da shuɗi da rawaya, har mai lura zai iya gane yawan cajin da ido. In ya silala ta tantani ba asara, a gauraya a sake caji. Mai son ƙarin awoyi ya ƙara girman tanki kawai. Ruwan ba ya kama wuta, kuma batirin na iya shekara 20 yana aiki. A Dalian ta ƙasar Sin an haɗa wani da layin wuta a 2022, mai megawat 100, yana iya bayarwa awa 4 a jere.

Kada in yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Cikin wutar da aka zuba masa, kashi 70 zuwa 75 yake mayarwa, alhali batirin litiyam na mayar da kusan 90, farashin batirin litiyam kuma sai sauka yake yi. Banadiyam na da tsada, Sin da Rasha da Afirka ta Kudu ke riƙe da yawancinsa, tantanin ma wani babban kaso ne na kuɗin. Ga kuma abin da ya shafi Tamale kai tsaye: ruwan banadiyam na yau da kullum ba ya son zafin da ya wuce digiri 40, sai ya fara zubar da gari ya toshe hanyoyi, garin nan kuwa a watan Maris yakan taɓa 40 a inuwa. An samo haɗin asid da ke ɗaga wannan iyaka, ana kuma iya sanyaya tankuna. Duk da haka ina ganin wurinsa ba ɗakin mutum ɗaya ba ne. Wurinsa asibiti ne, ko matatar ruwa, ko kasuwa sukutum irin Aboabo, inda ake son wuta ta kwana, ake kuma tsoron gobara.

Na hau yalo-yalo zuwa tasha, na shiga motar Nyankpala, inda Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wato UDS da aka kafa a 1992, take da harabar noma da injiniyanci, kusa da cibiyar binciken noma ta SARI. A hanya gonaki ne ta ko'ina, an girbe, kara na tsaye. Abin da ya fi kama ido shi ne jarkoki masu ruwan ɗorawa, a kan keke, a kan babur, a kan mata, kowa na neman ruwa. Da rani unguwanni da yawa a Tamale sukan yi kwanaki famfo bai zubo ba.

Da wannan hoton a ido nake auna maganar haidurojin, wadda ta cika tarukan makamashi a Afirka. Na'urar tsaga ruwa mai tantani tana da kyau ƙwarai: tana tashi nan take, tana bin hawa da saukar hasken rana ba gardama. A juya aikinta kuma, a ba ta haidurojin, ta ba da lantarki, kamar yadda motar Toyota Mirai ke yi tun 2014. A 2025 an ƙaddamar da wata ƙaramar na'urar gwaji a cibiyar Don Bosco da ke Tema, kuma abin a yaba ne. Amma kilo ɗaya na haidurojin yana cin lita 9 na ruwa a lissafin sinadari kaɗai, tataccen ruwan da ya fi na sha tsabta, in an haɗa da tacewa da sanyayawa ya ninka. Yana cin wuta sama da kilowat-awa 50. Na'urar na bukatar filatinam da iridiyam, shi iridiyam kuwa abin da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, yawanci daga Afirka ta Kudu. In ka mai da wuta haidurojin, ka sake mai da shi wuta, abin da zai dawo hannunka bai fi kashi 30 zuwa 40 ba. Tantanin kuma sai da laima yake aiki, in ya bushe ayon ba ya tafiya, iskar hunturun Tamale kuwa leɓe ma tsaga shi take yi. Wanda ya ce zai haska Aboabo da haidurojin kafin a kai wa matan Nyankpala ruwa, ya sa gaba a baya.

Inda haidurojin ke da hujja a arewa shi ne taki. Da shi da iskar naitirojin ake yin amoniya, uwar takin zamani, Ghana kuwa kusan duk takinta sayowa take yi. Afirka ta taɓa yin wannan: masana'antar KIMA a Aswan ta Masar ta fara yin taki a 1960 da haidurojin da aka tsago daga ruwa da wutar madatsa. Manomin masara a Savelugu ko Tolon ya fi bukatar buhun taki mai araha a kan motar haidurojin.

Akwai wani lissafin da ba a cika faɗa ba. Nafion da 'yan uwansa suna cikin dangin sinadaran fulorin da ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. A 2017 aka bayyana cewa irinsu sun shiga kogin Cape Fear a jihar North Carolina ta Amurka, daga masana'antar da ake yin Nafion. A 2023 ƙasashe biyar na Turai, Jamus da Holan da Denmak da Suwidin da Norwe, suka nemi a taƙaita dangin gaba ɗaya. Shi ya sa ɗakunan bincike a duniya suka duƙufa neman tantanin da ba fulorin a cikinsa, da kuma wani iri mai ratsar da haidiroksaid, wanda zai bari a yi aiki da nikel da ƙarfe maimakon iridiyam. Matsalarsu har yanzu ƙarko ce. Ƙofar a buɗe take, ba wanda ya riga ya rufe ta. Tun 2021 cibiyar WASCAL mai hedikwata a Accra take gudanar da digiri na biyu kan makamashi da haidurojin tare da Jamusawa, kuma Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai na cikin masu karɓar ɗaliban.

Da yamma na koma rumfar Alhaji, muka ci tuwon zafi da miyar ayoyo, na ba shi labarin abin da na gani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, mu 'yan kasuwa abin da ake nema kullum shi muke fara sarowa." Ra'ayina ke nan a kan wannan al'amari. Soda da kulorin ana neman su kullum, gishirin yana Ada, masu saye suna Aboabo da Dalun da Tema, fasahar kuma ta shekara 50 tana aiki. Nan ya kamata Ghana ta fara, Nijeriya ma haka, domin duk injiniyan da ya iya riƙon tantani a masana'antar soda ya riga ya iya rabin aikin batirin tanki da na na'urar tsaga ruwa. Haidurojin ɗin ma kyauta zai zo masa daga akwati ɗaya.

Ku kuma ɗaliban sinadarai da injiniyanci a Nyankpala da Kumasi, da Bayero da Ahmadu Bello da Yamai, ga aikin da ba wanda zai yi muku daga Japan ko Jamus. Ku nemo fallen tantani ko da tafin hannu ne, ku haɗa ƙaramin akwati, ku gwada shi da ruwan rijiyarmu da gishirinmu, cikin ƙurar Janairu da zafin Maris, ku rubuta abin da ya same shi wata bayan wata. Ranar da za a zo sayar wa asibitocinmu da kasuwanninmu waɗannan na'urori, a samu namu da zai duba takardar ya ce wannan zai jure Tamale, wannan ba zai jure ba.